Kakin Sajan Ilu

Lauratu na cikin goge hannun rigar na biyu aka ɗauke wuta. Ta ɗaga dutsen gugar ta kara kusa da kuncinta, ta ji da sauran zafi, sai ta yi maza ta bi ta kan kwalar kafin ya huce. Kakin soja ne, korensa ya koɗe, na mahaifinta Sajan Ilu, wanda wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.

"Bar shi haka nan," in ji Inno, mahaifiyarta, da ke zaune a kan bencin shagon. Tun hantsi ta shirya, ta sa leshinta na zuwa biki, ga zufa har ta fara jiƙa mata bakin ɗankwali. "Ko wuni kika yi kina guga, da yana nan sai ya sami inda zai gyara."

Lauratu ta yi ɗan murmushi, ta naɗe kakin a hankali ta sa cikin farar leda.

Shekara ashirin da biyu Ilu ya yi a soja. Can bakin iyaka, cikin fadama, ya baro yatsu biyu na hannunsa na hagu. Da ya ajiye aiki bai zauna zaman tsofaffi ba, ya buɗe wannan shago a lungun bayan masallaci a unguwar New Bell, da keken ɗinki ɗaya. Ya daɗe yana kallon yadda mazan unguwa ke fama da manyan riguna a zafin Douala, suna tattare su in za su hau benskin, wato babur ɗin haya, bakin riga na neman shiga taya. Sai ya yanko wata riga tasa ta kansa: iyakarta gwiwa, tsaga ta gefe biyu, kwala a tsaye irin ta soja, aljihu huɗu, yadi marar nauyi. Da fari dariya aka yi masa. Ba a yi shekara biyu ba, daga liman har masu tsire, kowa ya zo sai ya ce, "A ɗinka min sajan." Daga Ndokoti ake zuwa, daga Grand Hangar ma ana tsallako gada don a zo awo. A cikin ƙyallayen shagon Lauratu ta taso, kuma tun da idonsa ya fara rauni ita ke yanka.

Mako uku da suka wuce Abdurrazak ya zo gidansu. Shekara tara ya yi a shagon yana koyon aiki, yanzu kuwa yana da gidan kayan ƙawa a Bonapriso, ana nuna shi a talabijin, sunansa ya koma Razak kawai. Ya durƙusa gaban Inno ya ce zai shirya taro a wani otal a Akwa don karrama Baba, manyan gari za su zo. Ya roƙi a taho da kakin, mutane su gani da idonsu. Inno ta yi ta sa masa albarka har da hawaye. Lauratu ma ranta ya yi sanyi. Ta ce a zuciyarta, ko a makare aka tuna, an dai tuna.

Sallama aka yi daga ƙofa. Baba Mudi ne, abokin mahaifinta tun a bariki, yana dogara sanda. Rigar sajan ce fara a jikinsa, ɗinkin Ilu, ya jera lambobinsa uku a ƙirji, ya goge su har suna ɗaukar ido.

"Inno, kin shirya? Lauratu, ina fata ba ku tafi kun bar ni ba."

"Haba Baba, mu tafi mu bar ka? Kai ne ma ya kamata ka yi jawabi."

"Na tanada kuwa," in ji shi, ya dafa aljihun ƙirjinsa. "Jikata ce ta rubuta min da manyan baƙaƙe."

Sai da suka taka har bakin titi, suna tsallake lambatun da ruwan safiya ya cika, kafin suka sami taksi. Ƙarfe uku saura suka isa otal ɗin. A bakin zauren taron akwai wani ƙaton mai gadi da baƙar kwat, yana duba katin gayyata. Ya karɓi na Lauratu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Deux personnes, madame," ya ce, ya ɗaga yatsu biyu. Katin na mutum biyu ne.

Lauratu ta yi masa bayani da Faransanci. Ta ce taron na mahaifinta ne, wannan matarsa ce, wannan kuma tare suka yi soja. Mai gadin ya ce ya ji, amma kujeru a ƙirge suke, kuma umarni aka ba shi. Suna tsaye wasu 'yan mata uku suka zo da dogayen takalma, ba su nuna ko takarda ba, ya buɗe musu ƙofa har da sunkuyawa. Lauratu ta kira wayar Abdurrazak sau uku, tana shiga ba a ɗauka.

"To mu ma ba mu shiga," ta ce.

"A'a, 'yata," in ji Baba Mudi. "Ku shiga. In ba ku a ciki, wa zai tsaya wa Ilu? Ni tsayuwar ƙofa ba baƙon abu ba ne a wurina, rabin aikina ke nan a soja. In kin ga yaron ki faɗa masa, zai aiko a shigar da ni."

Ya nemi gefen matakala ya zauna, ya ɗora sandarsa a cinya.

Zauren ya cika, sanyin na'ura har yana shiga ƙashi. Wata budurwa mai riƙe da takarda ta duba katinsu ta raka su. Suka wuce layin gaba inda masu kwat da matansu ke zaune, suka wuce na tsakiya, suka yi ta wucewa, har sai da ta tsaya a kujeru biyu na ƙarshe, dab da ƙofar da masu kawo abinci ke shige da fice. Duk wanda ya turo ƙofar sai ta bugi kujerar Inno.

Lauratu na neman wanda za ta yi wa magana, ta ji Inno ta kama mata hannu.

"Lauratu, wancan wane ne?"

Ta ɗaga kai. A bayan dandamali an rataye wani ƙaton hoto, tsawonsa ya kai mutum biyu. Ta san hoton, na bangon shagonsu ne aka ɗauka da waya: mahaifinta a zaune gaban keke, hannunsa na hagu a kan yadi. Amma an taɓa shi. An haska fatar, an share tsagen nan biyu na gefen idonsa, an cike giɓin haƙorinsa. Hannun da ke kan yadin kuwa yatsu biyar ne cif. A ƙarƙashi an rubuta da ruwan zinariya: Papa Ilou, le petit tailleur de New Bell. Ƙaramin telan New Bell.

"Baba ne, Inno," ta ce.

Inno ta ƙanƙance ido ta daɗe tana kallo. "Wannan ba mijina ba ne."

Sai kiɗa ya tashi. Samari da 'yan mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna taku a kan dogon dandamalin. Duk sajan ce a jikinsu. Ita da ta yanka ta fi sau dubu ba sai an faɗa mata ba: kwalar ce, tsagar ce, aljihun nan huɗu ne, har ɗan lanƙwasan da mahaifinta ke yi a hammata don kada riga ta ɗame mai ɗaga hannu. Abin da aka ƙara kawai shi ne yadi mai sheƙi da wani babban harafin R da aka ɗinke a kan aljihun ƙirji. Mai gabatarwa, wani siriri mai jan kwat, yana ta shelar cewa wannan sabon salo ne da ya fito daga basirar Razak. Mutane na ta tafi, wayoyi a sama.

Sannan Abdurrazak ya hau. Ya yi ƙiba, ya yi kyau, ya iya magana. Da Faransanci ya yi jawabinsa, Lauratu na fassara wa Inno a kunne, har ta kai inda ta kasa ci gaba. Ya ce ya taso a hannun wani tsoho talaka wanda bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Ya ce tsohon na da ɗanyen tunani, shi ne Allah ya ba ikon gyara shi ya fito da shi duniya. Ya share ido da hankici. Sai ya zaro wani almakashi daga aljihu ya ɗaga sama.

"Ranar da zai cika," ya ce, "ina zaune a gefen gadonsa. Ya kama hannuna ya sa min wannan almakashi, ya ce, ɗana, kai ne magajina."

Wata mata a layin gaba har da jan hanci.

"Me ya ce?" in ji Inno. "Lauratu, me ya sa kika yi shiru?"

Lauratu ta riƙe ledar da ke cinyarta da hannu biyu, har farcenta ya huda ta. Wata bakwai mahaifinta ya yi a kwance. Ita da Inno ke juya shi, Baba Mudi ke zuwa kullum bayan la'asar ya karanta masa abin da ya sawwaƙa. Abdurrazak sau ɗaya suka gan shi, ranar addu'ar uku, da mai ɗaukar hoto a bayansa.

Sai ta ji an kira sunanta. Mai jan kwat ya ce yanzu 'yar marigayin za ta hau ta miƙa wa Razak kakin sojan mahaifinta, kyauta daga iyali, za a ajiye shi cikin gilashi a gidan kayansa na Bonapriso. Fitila ta juyo ta haske ƙarshen zauren, kowa ya waiwayo.

"Kyauta?" in ji Inno, don ko a Faransanci wannan kalmar ta gane ta. "Wa ya ce kyauta?"

Lauratu ta miƙe. Tafiyar ta yi mata tsawo. Da ta hau, Abdurrazak ya buɗe hannuwa yana murmushi, ya ce a hankali da Hausa, "Yaya, kalma biyu kawai, godiya, sai hoto."

Ta karɓi makirufo. Da Hausa ta fara, don Inno ta ji.

"Sunan mahaifina Iliyasu Husaini. Sajan ne. Ba ƙaramin tela ba ne, shi ya ƙirƙiro rigar da kuke tafa wa. Yatsunsa takwas ne, biyu ya bar su a wurin tsaron ƙasar nan, bai kuma taɓa ɓoye hannunsa ba. Wata bakwai ya yi yana jinya, wannan bawan Allah bai taka ƙofarmu ba. Almakashinsa yana shago, da shi na yanka riga biyu yau da safe. Mutumin da ya goyo shi a baya ranar da aka ji masa ciwo yana waje kan matakala, an hana shi shiga."

A can baya, cikin masu raba abinci, wani ya ce, "Subhanallahi." Sauran zauren kuwa murmushi suke, ba su ji ko kalma ba. Mai jan kwat ya dubi Abdurrazak, Abdurrazak ya ɗan girgiza masa kai. Sai mai jan kwat ɗin ya matso da nasa makirufon ya ce da Faransanci, iyalin marigayi sun cika da farin ciki, suna kuma godiya ga Razak bisa wannan karamci. Tafi ya ɓarke.

Lauratu ta tsaya har tafin ya lafa. Wataƙila ganin mayafinta ne ya sa suka ɗauka ba ta taɓa zama a aji ba.

"Ba haka na ce ba," ta faɗa da Faransanci, a sarari, kalma bayan kalma.

Ta maimaita duk abin da ta ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da ta zo kan yatsun, ta juya ta nuna hoton. Mutane suka ɗaga kai suna kallo. Tana kan maganar almakashi aka kashe makirufon, sai ta ɗaga murya ta ƙarasa da bakinta, kuma zauren ya yi shirun da har na baya sun ji. Ba wanda ya tafa. Wayoyin dai na sama. Ta miƙa wa mai jan kwat makirufonsa, ta rungume ledarta ta sauka.

Inno na tsaye tana jiranta, ta riga ta gyara mayafi.

Ba su kai ƙofar fita daga otal ɗin ba Abdurrazak ya cim musu a baranda, yana haki, fuskarsa ta jiƙe.

"Yaya Lauratu, me na yi miki? Kin san su wa ke zaune a wurin nan? Kin tozarta ni a gaban duniya!"

"Kai ka tozarta mamaci a gaban matarsa."

"Maganar almakashi ce? Haba Yaya! Mutanen nan ba sa sauraron komai sai an haɗa musu da labari mai taɓa zuciya. Hoton kuma masu aikin ne suka ce a gyara, don ya yi kyau a bango. Ni me na rage shi da shi?"

"Ka ce bai san darajar abin da ke hannunsa ba."

"To ya sani?" Muryarsa ta tashi. "Shekara talatin yana lungu ɗaya! Ke kuma da kike da gaskiya, me kika yi masa? Allon shagon tun iskar bara ya faɗo, na gan shi jingine a bayan keke ranar da na leƙo shagon. Ko suna babu a ƙofar. Jeki unguwa ki tare kowane saurayi da ke sanye da sajan, ki tambaye shi wa ya fara yanka ta. Wallahi bai sani ba. Telolin kasuwa kowa kwafa yake. Ni aƙalla na sa an faɗi sunansa a Akwa."

"Ba sunansa ka sa aka faɗa ba."

Ta faɗi haka ne, amma maganar allon ta shige ta. Gaskiya ne. Kullum tana cewa gobe za ta kai a gyara, ɗinki ya sha mata kai, goben ba ta zo ba.

Inno ce ta matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abdurrazak."

"Na'am, Inna." Ya sunkuyar da kai, kamar jikinsa ne ya tuna da kansa.

"Shekara tara kana cin tuwona. Da ka ce kana son rigar, da shi da kansa zai ce ka ɗauka, ba mai rowa ba ne. Amma ko fuskarsa ba ka bar masa ba."

Budurwar nan mai takarda ta leƙo tana kiransa, baƙi na jira. Ya dubi Inno, ya dubi ƙofar zauren, sannan ya juya ya koma ciki.

A waje an fara yayyafi. Baba Mudi ba ya kan matakala. Lauratu ta waiwaiga, sai ta hango shi ƙarƙashin rumfar masu gadi, zaune a kan kujerar roba. Direbobin manyan da ke ciki su biyar ko shida sun kewaye shi, da masu benskin biyu da suka fake wa ruwa. Takardarsa na hannunsa amma ba ita yake dubawa ba. Da Hausa da Faransancin bariki da ɗan Pidgin yake haɗawa, yana nuna musu da sanda yadda ruwan fadama ya kai musu ƙirji, da yadda Ilu, da hannu a naɗe cikin tsumma, yake ta yi masa faɗa wai ya bi a hankali kada ya yaga masa kaki. Suka kwashe da dariya. Har ƙaton mai gadin ya baro ƙofarsa ya matso, yana riƙe da lema a kan tsohon.

"Har an tashi?" in ji Baba Mudi da ya gan su. "Yaron bai aiko ba. Yaya taron?"

Lauratu ta dubi Inno.

"Sanyi ya yi yawa a ciki," in ji Inno. "Tashi mu je gida, Malam Mudi."

Ɗaya daga cikin masu benskin ɗin ne ya shiga ruwa ya tsayar musu da taksi. Suka shiga baya su uku, ledar na cinyar Lauratu. Wayarta na ta ruri a jaka, ba ta duba ba. Motar ta gangara ta bar Akwa, gilashi ya yi hazo, direban na gogewa da tsumma. Da suka doshi New Bell ta sunkuya gaba.

"Direba, kada ka shiga ta wajen masallaci. Bi ta bayan kasuwa, wajen masu rubuta allo."

"Madam, can ruwa ya cika hanya. Sai dai in sauke ku a bakin kwalta ku taka."

"Sauke ni ni kaɗai, ka kai su gida."

"Yau Asabar, ƙila ma sun rufe," in ji Inno.

"In sun rufe na san gidan Salahuddeen, shi ya rubuta na farko."

Baba Mudi ya juyo yana dubanta. "Me za a rubuta?"

"Sunansa, Baba. Cikakke."

"A sa Sajan a gaba," ya ce. "Ya sha wuya kafin ya same ta."

Taksin ya tsaya a bakin kwalta. Lauratu ta ɗora wa Inno ledar a cinya, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare zaninta, ta shiga ruwan.